Take Kafin Waƙa: Nazarin Kiɗan Goge da Asalin Sautukansa

Goge yana cikin kayan kiɗan Hausa da aka fi sanin amonsu kuma aka fi ƙaurace wa nazarinsu, domin da wuya a sami wanda ya tashi a ƙasar Hausa bai taɓa jin kukansa ba, amma da wuya kuma a sami ɗalibin adabi da zai iya bambance take ɗaya da wani idan aka goga masa su a jere. Suka iri uku ake yi wa wannan kiɗa, su ne kuma suka hana shi shiga aji. Wasu suna cewa kiɗan bori ne da na gidajen mata masu zaman kansu, don haka bai cancanci alƙalamin mai mutunci ba. Wasu suna cewa baƙo ne da Larabawa suka kawo, ba shi da wani labari da zai bayar game da Bahaushe. Wasu kuma, galibi 'yan boko da kunnensu ya saba da fiyano, suna cewa tsarkiya ɗaya ba ta ɗaukar fasaha, abu guda ake ta nanatawa har gari ya waye. Wannan suka na ƙarshe shi ne zai ci mafi yawan wannan nazari, saboda shi kaɗai ne ake iya warwarewa da kunne.

Kayan kiɗan da ake gogawa da izga ba su kai waɗanda ake kaɗawa da yatsa tsufa ba. Bajamushen masanin nan Werner Bachmann, wanda littafinsa kan asalin wannan dabara ya fito a 1964, ya nuna cewa babu tabbatacciyar shaidarta kafin wajejen ƙarni na 10, kuma alamu sun fi karkata ga tsakiyar Asiya, ƙasar makiyaya masu dawaki. Al-Farabi, wanda ya rasu wajen shekarar 950, ya ambaci rababa a babban littafinsa na kiɗa, daga nan kuma dabarar ta bi ƙasashen Musulmi zuwa Magrib da Andalus, ta kuma ƙetaro Sahara. Dangin goge sun cika yankin nan tun daga bakin teku har zuwa tafkin Chadi: akwai imzad na Buzaye, wanda mata ne ke goga shi kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2013, akwai goje na Zabarmawa, da njarka ta Mali wadda Ali Farka Toure ya fitar da ita duniya, da nyanyeru na Fulanin Senegal da Gambiya, da goje na Yarabawa da marigayi Yusuf Olatunji ya yi suna da shi a kiɗan sakara. A ƙasar Dagomba ta arewacin Gana kuwa, masu gonje makaɗan fada ne, shugabansu yana da sarauta a fadar Yendi, kuma wani kaso na waƙoƙinsu da Hausa ake yin sa, kamar yadda Jacqueline DjeDje ta bayyana a littafinta na 2008 kan masu goge na Fulani da Hausa da Dagomba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa zubar ƙimar goge a ƙasar Hausa abu ne da tarihin wurin ya haifar, tunda abin da ake ƙyama a Kano shi ne ake yi wa sarki a Yendi.

Zancen cewa goge baƙo ne ba ya buƙatar doguwar amsa. Gogen Turawa mai tsarkiya huɗu a arewacin Italiya ya sami siffarsa ta yanzu cikin ƙarni na 16, a hannun masassaƙa irin su Andrea Amati na garin Kiremona, amma babu wanda ya taɓa cewa kiɗan rawar Ailan ko na Sikotlan ko na tsaunukan gabashin Amurka kiɗan Italiya ne. Asalin abin kiɗa daban, asalin sautin da ake fitarwa da shi daban, kuma na biyun ne tambayar da ta dace da mai nazari. Mutanen waɗannan ƙasashe sun daɗe da gane haka, shi ya sa suka duƙufa kan tattara sautukan kansu. John Playford ya buga kundin kiɗan rawar Ingila a 1651. Francis O'Neill, ɗan Ailan da ya zama shugaban 'yan sandan Shikago, ya bi 'yan ci-ranin ƙasarsu yana sa a rubuta abin da suke gogawa da abin da suke busawa, har ya fitar da kundi mai ɗauke da sautuka 1,850 a 1903, ya biyo da wani mai 1,001 a 1907. Da irin waɗannan kundaye ne aka iya bin sawun sauti kamar Miss McLeod's Reel daga Sikotlan zuwa Ailan, daga can zuwa Amurka inda ya koma Hop High Ladies. An kuma tabbatar cewa bayi baƙar fata suna cikin manyan masu goge na Amurka tun ƙarni na 18, sanarwar cigiyar bayin da suka gudu takan ambaci wannan gwaninta tasu, kuma Solomon Northup, wanda labarin bautarsa ya fito a 1853, da goge yake neman abinci. Masu zumuɗin da ke tsallakawa daga nan su ce wani sanannen sautin Amurka daga ƙasar Hausa ya fito sun wuce gona da iri. Abin da hujja ta ɗauka shi ne salon jan izga da sarrafa bugun rawa, ban da wani take guda da za a nuna da yatsa.

Ƙirar goge kuwa ba ta da wani ɓoyayyen abu. Ana samun rabin ƙwarya mai ƙwari, wato kumbo, a rufe bakinsa da fatar guza, a kafe ta da ƙananan ƙusoshi, a huda rami a gefe guda na fatar don sauti ya sami mafita, sannan a soke sanda ta ratsa kumbon. Tsarkiya tarin gashin wutsiyar doki ce da ake ɗaurewa daga gindin sandar zuwa samanta, tana bi ta kan wani ɗan itace mai ƙafafu da ake kira jaki, wanda ke tsaye a kan fata yana isar mata da girgizar tsarkiyar. Abin gogawar, izga, shi ma gashin doki ne da aka ɗaure a lanƙwasasshen ƙarfe ko itace, kuma ba ya kama tsarkiya sai an shafa masa ƙaro. Kafin a soma wasa, mai goge yakan kara fatar a rana ko a gefen wuta idan damina ta sa ta saki, ya goga ƙaro har farin gari ya hau gashin, ya ɗan matsar da jaki gaba ko baya, ya ja izga sau biyu ko uku yana gwada muryarsa a kai, domin da muryar mawaƙi ake daidaita goge, ba shi da wani tsayayyen ma'auni na waje. Kukuma ƙanwar goge ce, ta fi shi ƙanƙanta da siririyar murya.

Abu biyu ne a wannan ƙira suke haifar da fasahar da masu suka ba sa ji. Na farko, tsarkiyar ba zare ɗaya ba ce, gasu ne masu yawa da ke kwance gefe da gefe ba a murɗe su ba, saboda haka kowane jan izga yana tayar da babban sauti tare da wasu ƙanana da ke rakiyarsa, abin da ke ba goge wannan dishi-dishi da ya sa ya fi kowane abin kiɗan Hausa kama da maƙogwaron mutum. Na biyu, mai goge ba ya danne tsarkiya har ta taɓa sanda yadda ake yi a gogen Turawa, yatsunsa suna taɓa ta ne a sarari, tana rataye tsakanin jaki da wurin ɗauri. Tsarkiya sake da yatsu huɗu suna ba da matakan sauti biyar da aka fi gina kiɗan a kansu, amma da yake babu wata alama ko katanga a jikin sandar da za ta tsayar da yatsa, makaɗi yana iya zamewa daga mataki zuwa mataki, ya tsaya a tsakani, ya karkaɗa yatsa a wuri ɗaya, ko ya sassauta taɓawar ya ƙara wa izga sauri har sautin ya tsallake zuwa wata siririyar murya ta sama. Duk wanda ya ƙirga matakai biyar ya ce iyakar goge ke nan, ya bar mafi yawan kiɗan a tsakanin matakan.

Amfanin wannan zamiya yana bayyana ne idan aka tuna cewa Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali. Kowace gaɓa tana da karin sama ko na ƙasa ko faɗau, wato wanda ke farawa sama ya sauko, kuma kowace gaɓa ko dai mai nauyi ce ko marar nauyi. Aikin goge ya rabu daidai bisa wannan tsari: hannun hagu, mai yatsu a kan tsarkiya, shi ke ɗauke da karin sauti, hannun dama mai izga kuma shi ke ɗauke da nauyin gaɓa, ya ja dogo ga mai nauyi, ya taƙaita ga marar nauyi. Daga cikin sunayen iskokin bori, sunan Sarkin Rafi, alal misali, gaɓoɓi huɗu ne masu nauyi, biyun farko a sama, ta uku a ƙasa, ta huɗu ta koma sama, don haka abin da makaɗi zai fara da shi ja huɗu ne dogaye masu lotsawa a na uku. Kuturu kuwa gaɓoɓi uku ne duk a sama, biyu gajeru ɗaya doguwa, yatsa ba ya motsi, izga ce kaɗai ke aiki. Malam Alhaji yana saukowa daga sama har sau biyu cikin gaɓoɓi biyar. Kunnen Bahaushe yana rarrabe waɗannan siffofi ko da ba a furta baƙi ko wasali ɗaya ba, kuma a kan wannan ne maganar kalangu da ta kakaki da ta goge duk suka dogara, sai dai goge ya fi su iya faɗau, domin yatsa yana sulalewa ƙasa cikin ja ɗaya ba tare da sautin ya yanke ba. Haka nan yadda jimlar Hausa take gangarowa, karin sama na ƙarshenta ya kasa kai na farkonta tsawo, shi ne yadda layin goge yake farawa can sama ya dinga saukowa har ya kwanta a kan tsarkiya sake.

Kuskure ne kuma a ɗauka cewa goge kwaikwayon magana kawai yake yi. Paul Richards, a wani bincike da ya buga a 1972 inda ya auna dangantakar karin harshe da raujin wata waƙar Hausa gaɓa bayan gaɓa, ya sami cewa jituwar tasu ba cikakkiya ba ce, rauji yakan bi karin magana a wani wuri ya saɓa masa a wani. A wannan saɓani ne gwaninta take zaune. Makaɗi yakan fito da sunan ko jimlar a fili a zagaye na farko da na biyu, yadda kowa zai gane wanda ake nufi, daga nan sai ya fara yi mata ado: ya raba ja ɗaya dogo ya zama gajeru uku, ya ɗaga farkon layin zuwa muryar sama ya bar ƙarshensa yadda yake, ya haɗiye gaɓa ɗaya ya bar gurbinta fayau, ya shigo kafin bugun ƙwarya ko ya yi jinkiri ya biyo bayansa. 'Yan ƙwarya, waɗanda ke zaune gabansa da kifaffun ƙore suna bugu da 'yan sanduna kuma su ne 'yan amshi, ba sa kaucewa daga awonsu ko kaɗan, kuma tsayuwarsu ce ke ba shi damar yawo. Abin ya yi kama da luguden mata a turmi ɗaya, inda saukar taɓarya ba ta canzawa amma gwana takan jefa tata sama ta tafa hannu ta cafe ba tare da ta ɓata layi ba. Wanda ya ce ana nanata abu guda, bugun ƙwarya ya saurara. Irin wannan gini ne kuma a kiɗan rawar Ailan, inda sauti yake kashi biyu, kowane kashi awo takwas, a yi ta juya su, kuma abin da ya ɗaukaka Michael Coleman, mutumin Siligo da ya yi faya-fayansa a Niyok cikin shekarun 1920 da 1930, shi ne yadda ba ya maimaita zagaye biyu iri ɗaya.

Dabarar da ta fi kowace nuna hikimar mai goge ita ce ta barin magana a rataye. A yawancin ƙungiyoyi jagora shi ne mai goge kuma shi ne mawaƙi, wato murya biyu ne a hannun mutum ɗaya. Yakan buɗe da goge shi kaɗai, ya shimfiɗa gindin waƙa ba tare da ya buɗe baki ba, har sai 'yan amshi sun karɓa da kalmomi. Idan ya shiga ɗan waƙa, goge yakan bi muryar a hankali, wani lokaci daidai da ita, wani lokaci ya ɗan rage gudu ya zama amsa-kuwwarta, kuma a duk inda mawaƙin ya tsaya jan numfashi izga takan cike gurbin don kada zaren ya tsinke. Sai a kai wurin da zai faɗi rabin jimla da baki ya yi shiru, ya bar tsarkiya ta ƙarasa sauran. Masu sauraro, da yake sun san karin kalmomin da suka rage, su ke ƙarasa jimlar a zukatansu, wani lokaci da shewa ko guɗa. Yabo ta wannan hanya ya fi ratsa wanda ake yi wa, domin jama'a ne suka furta shi, ba maroƙi ba. Habaici da zambo kuma sun sami mafaka, tunda bakin makaɗi bai faɗi abin da za a kama shi da shi ba. Idan aka ɗauki irin wannan waƙa aka rubuta kalmominta a takarda, abin da za a gani layuka ne guntaye, wasu ba su ma cika jimla ba, kuma a kan wannan takarda ne ake yanke wa masu goge hukuncin ƙarancin fasaha. Fiyanon situdiyo da ya mamaye waƙoƙin fina-finan Hausa tun shekarun 1990 yana da maɓallin da ke kwaikwayon amon goge, amma matakansa a yanke suke, ba ya zamiya ko faɗau yadda tsarkiya ke yi, saboda haka ba ya iya ƙarasa wa kowa jimla.

Daga nan ne ake isa ga take, wanda shi ne ginshiƙin al'amarin. Take ɗan gajeren sauti ne da aka keɓe wa wani mutum ko sarauta ko sana'a ko iska, wanda da an kaɗa shi an kira mai shi ke nan, kirari kuma shi ne takwaransa na baki. Haka David Ames da Anthony King suka rarrabe su a ƙamus ɗinsu na kiɗan Hausa na 1971, wanda suka gina kan binciken da suka yi a Zariya da Katsina. Wannan siffa ta take ta ba mai binciken Hausa wata dama da takwaransa na Ailan ko Amurka bai samu ba. A can, sunan sauti ba shi da riƙo, sauti ɗaya yakan amsa suna biyar a garuruwa biyar, suna ɗaya kuma yakan hau sautukan da ba su haɗa komai ba, har sai da Samuel Bayard, wanda ya shafe shekaru yana tattara kiɗan ƙauyukan Fensilbaniya, ya ɓullo da hanyar karkasa sautuka dangi-dangi bisa ƙashin bayansu, ya yi watsi da sunaye. A ƙasar Hausa lamarin a juye yake: take yana da mai shi, sunan mai shi ba ya gushewa, sautin ne ke sauyawa daga gari zuwa gari da kuma daga hannu zuwa hannu. Ma'anar wannan ita ce, idan aka tara taken wani iska kamar Sarkin Rafi ko Ɗan Galadima ko Inna daga Maraɗi da Katsina da Kano da Ningi aka jera su, an riga an san cewa abu ɗaya ake kwatantawa, abin da ya rage shi ne a ga inda suka haɗu da inda suka rabu, a kuma gane wanne ne ya tsufa.

Ba a iya wannan aiki ba tare da an shiga rumbun bori ba, domin a can ne take-take mafi yawa da mafi tsufa suke ajiye. Kowane iska yana da takensa, ana kuma kiran su ne gida-gida bisa tsarin birninsu na Jangare, wanda Fremont Besmer ya lissafa gidajensa goma sha biyu a littafinsa na 1983, kuma makaɗin da ya rikita jerin ko ya gurɓata take ba zai ga doki ko goɗiya, wato masu hawan bori, sun hau ba. Wannan tsanani shi ya adana sautukan, tunda mai kiɗan biki yana da 'yancin sauya abin da ya ga dama, mai kiɗan girka kuwa, wato shigar da mutum cikin bori, ba shi da shi. Jerin gidajen kansa tarihin cuɗanyar Bahaushe ne da maƙwabtansa, akwai gidan malamai, da na kutare, da na Fulani, da na arna, da na Gwari, kuma da mulkin mallaka ya zo sai ga iskokin Turawa sun sami gurbi, kamar Babule da suka ɓulla a yankin Filinge na Nijar a 1925. Kowane rukuni da ya shigo da nasa kiɗan ya shigo, saboda haka take-taken suna da hawa-hawa na zamani da za a iya warewa. A Kano garaya ce ta fi yawa a wannan fage, a Maraɗi kuma goge, amma take ba ya zama a kan abin kiɗa ɗaya, yakan tashi daga garaya ya koma goge, yadda sautukan Ailan ke yawo tsakanin goge da sarewa. Kayan somin aikin ma suna nan: King ya rubuta jerin kirarin bori na Katsina a tsakiyar shekarun 1960, Veit Erlmann ya buga nazarin kiɗan bori na Maraɗi a 1982, Tremearne kuma tun a 1914 ya bayyana borin Hausawan Tunis da Tarabulus.

Kudancin Jigawa yana da matsayi na musamman a wannan bincike. Basirka, a ƙaramar hukumar Gwaram, tana dab da iyakar jihar Bauchi, kuma wannan yanki duka, har da Birnin Kudu, shi ne gefen kudu maso gabas na tsohuwar ƙasar Kano kafin a ƙirƙiro jihar Jigawa a 1991, yana fuskantar duwatsun Ningi da ƙasar Warji. Tun da Malam Hamza da jama'arsa suka bar garin Tsakuwa cikin shekarun 1840 suka kafu a waɗannan duwatsu tare da Butawa da Warjawa da Fa'awa, har zuwan Turawa, wannan bakin iyaka bai rabu da hare-hare da kamen bayi da ƙaurar jama'a ba, kuma duk inda mutane suka gauraya haka kiɗansu ma yakan gauraya. A garin Ningi ne Besmer ya halarci girkar da ya bayyana a maƙalarsa ta 1977, wato akwai ma'aunin da ya haura shekara arba'in da za a iya gwada abin da ya saura a hannun makaɗan Gwaram da Birnin Kudu da shi. Darasin Amurka a nan a fili yake, domin tsofaffin sautuka a lunguna aka same su: a wani ƙauyen Kentaki Alan Lomax ya ɗauki William Stepp a 1937, a wani ɗan garin Bajiniya kuma Alan Jabbour ya ɗauki Henry Reed a 1966 da 1967. Birni yakan goge bambanci. Faya-fayan Coleman sun sa matasan Ailan sun watsar da salon garuruwansu sun koma nasa, kuma gidan rediyon Kaduna, tun kafa shi a 1962, da kasuwar kaset da ta biyo baya, sun yi irin wannan aiki a nan, suka mai da Garba Liyo abin koyi a goge, suka mai da Ibrahim Na Habu da Garba Supa da Amadu Doka da Hassan Wayam abin koyi a kukuma. Waɗannan gwanaye ne babu ja, sai dai kukuma ta sami karɓuwar rediyo ne saboda ta ja baya ta bar wa kalmomi fili, kuma wanda ke neman tsohon take ba a wajenta zai same shi ba. Abin lura ne cewa duwatsu masu amo da zanen kogo na Birnin Kudu, a Dutsen Mesa da Dutsen Habude, waɗanda Bernard Fagg ya bayyana wa duniya a tsakiyar shekarun 1950, suna cikin kayan tarihin da hukuma ke karewa, alhali tsofaffin take-take ba su sami irin wannan kulawa ba.

Saura sukan farko, na addini da mutunci, wanda ba a raina shi ba. Malaman jihadin 1804 sun yi rubutu a kan kiɗa, Erlmann ya tattara wani sashe nasa a littafinsa na 1986, waƙoƙin wa'azi na ƙarni na 19 sun ambaci goge da suna cikin abubuwan da ake gargaɗi a kansu, kuma daga kafuwar Izala a Jos a 1978 zuwa ƙaddamar da shari'a a Jigawa a 2000 filin mai goge ya yi ta ƙara ƙuntata. Gogen Turawa ma ya sha irin wannan, masu wa'azin tsaunukan Amurka sun kira shi akwatin Shaiɗan, limaman cocin Ailan kuma sun yaƙi rawar mararraba har aka yi dokar gidajen rawa ta 1935. Hukuncin halasci ko haramci na malamai ne, kuma nazari ba fatawa ba ne. Sai dai ana karantar da labarin Barbushe da Tsumburbura a makarantu ba tare da an ce malamin tarihi yana kira zuwa ga bautar gunki ba, kuma ɗaukar take a na'ura don a san daga inda ya fito bai fi wannan ba.

Babban cikas ma daga cikin jami'a yake, ba daga masallaci ba. Sassan Hausa sun gaji nazarin waƙar baka a matsayin reshen adabi, ayyuka irin na Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun kafa masa ƙa'idoji da kalmomin aiki, sun kuma adana tarihin makaɗa masu yawa, amma ma'aunin da ɗalibai ke ɗauka daga ciki na kalmomi ne, turke da salo da adon harshe. Da wannan ma'auni Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata za su ci gaba da samun kundin digiri a kan kundin digiri, mai goge kuwa, wanda rabin maganarsa a tsarkiya take, zai ci gaba da faɗuwa jarrabawar da ba tasa ba. Gyaran ba ya buƙatar kuɗi masu yawa. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse ko na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, musamman ɗan yankin da ya san wanda zai yi wa sallama, yana iya zama da tsohon makaɗi ya ɗauki kowane take sau biyu, sau ɗaya goge zalla, sau ɗaya tare da murya da ƙwarya, sannan ya rubuta sunan mai taken, da wanda makaɗin ya koya a wajensa, da garin da wannan malami ya fito. Wayar hannu ta isa wannan aiki, kuma daga Dutse zuwa Basirka tafiyar yini ɗaya ce har da dawowa.